Lambar Safara'u

Bazarar da agana ta shiga Dinawa, shekara biyu bayan dawowar sojoji daga yaƙin Bama, rugar Arɗo Manu tana zaune a bakin fadama, gabas da Boyekai. Manyan shanu sun yi kudu da samari tun bayan kaka, har da Atiku ɗan Arɗo, mijin Baraka. Abin da ya rage a gida tsofaffi ne da mata da yara, sai shanun tatsa da ba su kai ashirin ba. Masu tallar nono ke kawo labarin ciwon. Yau a ce gida uku ne a Dinawa, jibi a ce ya tsallaka Lahodu, an kafa bukkoki a bayan gari, an hana zuwa gaisuwar mutuwa.

Baraka ba ta taɓa ganin mai agana da idonta ba, amma ta ga abin da agana ke bari. Tana 'yar shekara tara, suna tashi da shanu ta wajen Rabah, suka ratsa wani ƙauye da rana tsaka. An toshe ƙofofi da ƙaya. Babu kare, babu kaza. A wani gida da dangarsa ta kwanta, ta hango turmi da taɓarya tsaye a cikinsa, kurciyoyi na cin geron da aka bari rabin daka. Ubanta ya ce kada wanda ya taɓa rijiyar garin. Shanu da kansu suka ƙara sauri ba tare da an kora su ba. Tun daga ranar ba ta son tsakar rana, lokacin da iska ke tsayawa, duniya ta yi tsit kamar ana sauraren wani.

'Ya'ya uku ta haifa suka rayu, amma in an tambaye ta, biyu take cewa: Abu mai shekara biyar, da Maccido da aka yaye kwanan nan. Ta ukun ita ce ta fari, Safara'u, kuma ɗiyar fari ba ta uwa ba ce a gaban mutane. Tun da aka cire ta daga nono aka kai ta bukkar kakarta Asta, uwar Atiku. Baraka ba ta kiran sunanta, ba ta yi mata kitso, ba ta zuba mata fura da hannunta. In za ta aike ta, sai ta ce "ke" tana kallon wani wuri. Haka uwarta ta yi, haka kakarta, kuma macen da ta kasa wannan kunya takan zama abin nuni a rijiya har ta tsufa. Yarinyar tana kiran Asta Inna, tana kiran Baraka Adda, kamar wata yayarta.

Duk da haka babu abin da Baraka ba ta sani ba game da ita. Da wutsiyar ido ta san ranar da haƙorinta na gaba ya faɗi. Ta san tana yi wa maruƙa faɗa kamar mutane, tana ba su sunayen matan ruga, mai yawan kuka ta sa masa sunan Asta.

Ran da saƙon maigari ya iso cewa gobe mai lamba, mai yi wa mutane rigakafin agana, zai zo, Asta ta kwana da shirinta. Da gari ya waye ta kira jikarta, ta ba ta fura a 'yar ƙwarya, ta ce ta kora maruƙa can bayan kalgo, kada ta dawo sai inuwa ta juya gabas. Baraka na daka a ƙofar bukkarta. Ta ji, ta ci gaba da daka.

Da hantsi sai ga mutumin, yana jan jaki, bai hau ba, domin jakin na ɗauke da tukunya a cikin mangala, an naɗe ta da tsohon buhu. Gajere ne, fuskarsa duk rami-rami kamar ɗanyen yumɓun da aka watsa wa tsakuwa, idonsa na hagu ya yi fari. Ya ce sunansa Mu'azu, ma'aikacin hukumar En'e ne daga Wurno. Ya durƙusa ya gai da Arɗo, ya miƙa takardar hakimi wadda babu mai iya karantawa a rugar.

"Arɗo, ruwa nika so, amma ba don ni ba."

"Don jakin?"

"Don tukunya."

Arɗo Manu ya dubi tsofaffin da ke gefensa. "Kun ji Kaɗo. Mu shanu muka shayarwa, shi tukunya."

"Ku Hillani ai kun saba ba abin da ba shi godiya ruwa," in ji Mu'azu, aka yi dariya.

Aka kawo ruwa ya jiƙa buhun, ya ja tukunyar ƙarƙashin inuwa. Cike take da danshin rairayi. Ya tona da yatsa ya zaro wata 'yar kwalba siririya kamar tsinken tsintsiya.

"Abin da ke cikin nan mai rai na. Rana ka kashe shi. Yau kwanana shida da baro Sakkwato, kullum ina ba shi ruwa awa jinjiri."

"To mi shika yi in ya shiga jikin mutum?"

"Arɗo, in ciwon huhu ya hwaɗa garke, mi kuka yi?"

Tsohon ya gyara zama. Ba abin da ake gaya wa mutanen gari ba ne, amma an taɓo abin da ya fi kowa sani. Ya ce in saniya ta mutu da ciwon, sukan yanko huhunta, su jiƙa shi cikin nono kwana biyu ko uku har zafinsa ya ragu, sannan su tsaga bisan hancin lafiyayyu su cusa ɗan guntu. Hanci ya kumbura, saniya ta yi kwanaki ba ta kiwo, in ta miƙe, ciwon ba ya sake kama ta ko da ta kwana cikin matattu.

"To kai na malamina," in ji Mu'azu. "Abin da nika yi ke nan. Agana na da ƙanwa ga jikin shanu, ba ta da ƙarhin kashe mutum. Ita muka sawa ga hannu. Jiki shi yi kokawa da ƙanwa, shi kada ta, shi gane inda aka kama ta. Ran da yayar taz zo, ta iske an san kamunta tun ba ta shigo ba."

Daga ƙofar bukka Asta ta yi magana, ba ta dubi baƙon ba.

"An yi ma ɗiyana wanga tun ba a haihe ka ba. Wanzami yaz zo, yat tsaga hannuwansu yas sa. Ukku na. Atiku kaɗai yat tashi."

Mu'azu ya sassauta murya. "Allah shi jiƙansu, Inna. Wancan daga ƙurjin mai agana anka ɗebo shi, ita ta da kanta, yayar. Wanga daga jikin maraƙi. Ni ba a yi man ko ɗaya ba, dubi abin da tab bar man."

"Maraƙi ko raƙumi, ba a taɓa ni."

Arɗo ya naɗe hannun rigarsa ya miƙa dantsensa. Daga nan mata suka matso da yara. Mu'azu yakan gasa bakin 'yar askarsa a wuta, ya bari ta huce, ya ɗiga maganin a dantsen hagu, ya yi ƙarce uku marasa zurfi, ko jini ba ya fita sosai. Yana yi yana faɗa: kada a wanke, kada a shafa toka ko lemun tsami, a zauna a inuwa har ya bushe. Aka yi wa Baraka, aka yi wa Abu, aka yi wa Maccido yana tsala ihu.

Da layi ya ƙare ya ɗaga kwalbar da ke hannunsa ya duba ta a haske.

"Wagga na buɗe ta, ba ta kwana. Akwai na mutum guda ciki. Da saura?"

"Babu," in ji Asta.

Bai gamsu ba, ya san halin ruga. Ya juya ga macen da ta fi kusa da shi.

"Ke, uwar ɗiya. Ɗiyanki nawa?"

Surukinta na zaune a kan buzu, taku uku daga inda take. Surukarta na bakin ƙofa. Matan ruga duka suna nan da hannuwansu a ɗage suna jiran magani ya bushe, kuma kowacce ta juyo. Ta saman kalgo Baraka na iya hango farin bayan maraƙi guda. Tafiyar da ba ta fi a kira mutum ya ji ba.

"Biyu," ta ce.

Mu'azu ya jefa kwalbar cikin wuta. Ta yi ɗan ƙara, shi ke nan.

Kwana biyu Baraka tana aiki kamar wadda aka ɗaura wa dutse a ƙirji. Ta ji an ce mai lamba zai tsaya Goronyo ran kasuwa kafin ya koma Wurno. Da safiyar kasuwar ta cika ƙwarya biyu da nono, ta ajiye su inda Asta za ta gani, ta ce da iska, "Ƙwarya biyu, kai guda."

Asta, wadda gwiwa ta hana zuwa kasuwa tun sanyi, ta ce, "Safara'u, ɗauki ƙaramar ki bi Addarki."

Suka kama hanya, uwa a gaba, ɗiya a baya. Yarinyar ba ta rufe baki ba tun daga fadama har suka hango garin. Ta ba da labarin maraƙin da ya ci zanen Inna, ta tambayi dalilin da ya sa mutanen gari ke gina ɗakin da ba a iya ɗauka, ta ce in ta girma ba za ta auri mai shanu ba, mai jaki za ta aura, don jaki ba ya zuwa kudu. Baraka ba ta amsa ba, sai "uhm" jefi-jefi. Amma ta rage sauri don kada ko kalma ɗaya ta wuce ta.

A Goronyo aka ce mai lamba ya haye gulbi zuwa wani ƙauye, sai bayan azahar zai dawo. Suka zauna a layin masu nono. Rana ta take. Can sai wata mata ta tsuguna a gabansu da goyo, ta lulluɓe shi da zane mai kauri duk da zafin nan.

"Ɗan dama man kaɗan, ko shi sha. Kwana ukku bai sa komi bakinai ba."

Ta juyo da yaron gabanta, hannuwanta biyu na riƙe da shi. Safara'u, wadda ba ta iya ganin ƙaramin abu da yunwa ta ƙyale, ta ɗebo nono a ludayi ta matsa ta kai bakinsa. Zanen ya zame. Fuskar yaron kamar an watsa mata wake, har cikin leɓe, har fatar ido. Ya yi tari a hannun yarinyar.

Baraka ta kaɗe ludayin ya faɗi cikin ƙasa. Ta fizgo ɗiyarta baya, karo na farko da ta kama hannunta cikin shekara shida. Matar ta rufe ɗanta, ta tashi ta shige cikin mutane.

Bayan azahar suka sami Mu'azu a gindin tsamiya kusa da ƙofar hakimi. Tukunyar da ke gabansa sabuwa ce. Ya gane Baraka.

"Rugar Arɗo Manu. Hannun ya hwara ƙaiƙayi?"

Ta tura yarinyar gabansa.

Ya shafa gemunsa, ya dubi tukunyar. "Jiya jakina yaz zame ga mashigi, tsohuwar tukunya ta hwashe. Rairayin ya bushe, rabin yini kwalabe na cikin aljihuna kahin in samu wagga. Ban san ko da sauran rai cikinsu ba. Ɗiyar wa ta?"

"Ta gidanmu ta."

Ya dubi goshin yarinyar, ya dubi na matar.

"Ta hwari," ya ce a hankali.

Baraka ta sunkuyar da kai.

"Shekara tara ina aikin ga, har yau uwa nika tambaya." Kamar da kansa yake. "Da maƙwabciya nit tambaya, da an gama."

"Ta ba wani yaro nono yau cikin kasuwa," in ji Baraka. "Shina da agana. Ya yi mata tari."

Mu'azu bai ƙara tambaya ba. Ya tono kwalba daga can ƙasan rairayi, inda ya fi sanyi, ya juye ta duka a dantsen yarinyar, ya yi ƙarce huɗu maimakon uku. Safara'u ta cije leɓe, tana kallon farin idonsa ba ƙiftawa.

"Saurara da kyau. Agana in ta shiga jiki sai ta yi kwana goma sha biyu ɓoye tana shiri. Lamba ta hi ta sauri. In maganin ga na da rai, kwana huɗu wurin zai ja, shi taso, shi yi ruwa, jiki shi koyi kokawar kahin waccan ta hito. In kin ga ya bushe awa ƙarcen ƙaya, to ya mutu tun cikin kwalba. Sabon magani na isowa Wurno bayan sati biyu."

"Sati biyu ya hi kwana goma sha biyu."

"Ya hi," ya ce.

A hanyar komawa Baraka ta ce, ba ta waiwaya ba, "In Inna ta gani, ƙaya ta."

"Ƙaya mai layi huɗu, Adda?"

"Ƙaya ta."

"To wace irin ƙaya? Inna ta san ƙaya duka. In nic ce hwarar ƙaya sai ta ce ba haka taka yi ba."

"Ki ce ba ki duba ba."

Washegari hannun Baraka ya tashi. Ya yi ja, ya kumbura, ƙurji ya fito mai rami a tsakiya, hammatarta ta yi kaluluwa, zazzaɓi ya kwantar da ita yini guda. Haka Abu, haka Maccido, haka Arɗo da yake ta ƙorafin Kaɗo ya lalata masa hannun riƙe sanda. Asta na bin bukkoki tana cewa ai ta faɗa. Baraka kuwa tana jin zugin hannunta kamar abincin da ta ci a gaban mai yunwa.

Ba ta da ikon kiran yarinyar ta duba. Sai dai ta tsaya kusa da turken maruƙa da safe, tana gyara abin da bai lalace ba, ta jira lokacin da za ta ɗaga hannu ta kwance igiya. Rana ta biyu, layi huɗu. Rana ta uku ta ga kamar gefen ya yi ja, ta koma bukka ta zauna, ta yi ta godiya ga Allah a zuci. Rana ta huɗu jan ya tafi. Rana ta shida ɓawon ya faɗi, fata ta koma sumul.

Safara'u da kanta ta zo ta nuna mata a bayan rumbun kara, tana murna, tana magana ƙasa-ƙasa.

"Adda, dubi. Nawa ya warke tas. Na Abu ya ruɓe, har ƙuda ka bin ta."

"Na gani."

"Na hi ta jini mai kyau, ko?"

"Tai ki kora maruƙa."

Baraka ta fara shirin Wurno, inda sabon magani zai iso. Ta ce wa Asta an ce man shanu na tsada can, ta tara na kwana biyar. Tana gaya wa kanta ba kowane tari ke sa ciwo ba, yaron ma wataƙila ƙyanda ce. Kowace safiya takan saurari muryar yarinyar daga bukkar kaka, in ta ji ta tana faɗa da maruƙa, sai ta ɗauki taɓarya.

Rana ta goma sha biyu, da tsakar rana, maruƙa suka dawo su kaɗai.

A gindin kalgo aka same ta, ta dunƙule, tana cewa bayanta zai karye. Kwana uku jikinta kamar garwashi. A na huɗu zazzaɓin ya sauka, ta nemi fura, Asta ta ce an gode Allah. Da la'asar ƙananan jajayen ɗigo suka bayyana a goshinta da cikin bakinta.

Arɗo ya sa aka kafa bukka can nesa, ƙetaren wani busasshen kwari, inda iska ba ta biyowa ta ruga. Asta ta naɗe tabarmarta za ta bi jikarta. Tsohon ya tare ta da sanda.

"Nuna man hannunki."

"Ni nir rene ta."

"Na sani. Nuna man hannunki." Ba ta nuna ba. "Saniyar da ba a tsaga ba, ba a kai ta cikin masu huhu. Wanda lamba tak kama shi ka shiga." Ya dubi ƙasa, domin shi ma ba ya kallon matar ɗansa. "Uwar Abu ta tahi."

Da yake umurni ne, babu wadda za ta ce ta yi rashin kunya. Baraka ta goya ɗiyarta, ƙafafun yarinyar na bugun cinyoyinta saboda tsawo, ta sauka kwarin ta hau.

Ta tankaɗe rairayi mai laushi ta shimfiɗa mata, domin tabarma na kama ƙuraje. Ta yi mata fifita, ta ɗiga mata nono da tsinken kara lokacin da haɗiya ta gagara. Ƙurajen suka cika, suka haɗe da juna, har fuskar da ta sani da wutsiyar ido ta ɓace a ranar da ta sami damar kallonta sosai. Wari ya cika bukkar, wani iri mai zaƙi-zaƙi da ke manne wa harshe. Baraka na shaƙar numfashinta, tana share ruwan ƙurjin da hannunta, tana kwana jikinta a jikin yarinyar, kuma ko ciwon kai bai taɓa ta ba. Ɓawon dantsenta ya faɗi ya bar tabo zagayayye. Daga ruga ana ajiye abinci a bakin kwari, a ɗaga murya a ce Abu lafiya, Maccido lafiya, duk wanda aka yi wa lamba lafiya. Kullum Asta na zuwa ta zauna a wancan gefen cikin rana, ba ta neman inuwa, tana kiran sunan jikarta.

A rana ta tara da shigarsu bukkar, da rana tsaka, iska ta tsaya. Idanun yarinyar sun kumbura sun rufe tun shekaranjiya. Baraka ta ɗauka barci take.

"Adda."

"Ina ji."

"Abu tac ce ran da mai lamba yaz zo, ya tambaya ko da saura." Muryar ta dushe, kowace kalma sai ta huta. "Tac ce ke yat tambaya."

"Ni yat tambaya."

"Mi kic ce?"

Baraka ta ci gaba da fifita. Ta iya cewa ba ta ji shi ba. Ta iya cewa Inna ce ta amsa. Babu kowa a nan, babu suruki, babu matan rijiya.

"Biyu nic ce."

Leɓunan yarinyar na motsi, kamar mai ƙidayar maruƙa da yamma.

"Abu da Maccido."

"I."

Baraka ta sunkuya ta saurari ƙirjin yarinyar.

"To," in ji Safara'u. Babu fushi a ciki. Irin "to" ɗin da take cewa ne in an aike ta. Sannan ta ce tana jin ƙishi.

Bayan kwana biyu, kafin la'asar, ta cika. Arɗo da maza biyu masu tabo a hannu suka yi mata sutura. Baraka ta ƙone bukkar da zanenta, ta yi wanka a kwari, ta koma ruga. Asta na birgima a ƙasa, mata uku na riƙe da ita. Baraka ta wuce ta ɗauki Maccido, ta duba ko an ba shi abinci. Da safe ta tatsi shanu.

Da ciwon ya lafa aka buɗe hanya, mata suka zo gaisuwa daga rugage har na wajen Rabah. Wajen Asta suke zama, ita ce mai rashi. In Baraka ta kawo musu ruwa, sukan bi ta da kallo, su ce wa juna ba a ɓoye ba, "Kun ga ɗiyar mutane. Ko hawaye guda. Irinta ta yi wuya yanzu." Wata tsohuwa ta ce da za a samu mata biyar masu kunyarta, da Fulani ba su lalace ba. Baraka ta durƙusa ta karɓi ƙwaryar, ta ce ta gode.

Ruwa ya sauka, shanu suka dawo daga kudu. An tari Atiku da labarin tun a hanya. Ya shigo bukka ya rataye sandarsa, ya zauna. Shi ma ɗiyar farinsa ce, bai taɓa kiran sunanta ba.

"Kun yi haƙuri," ya ce.

"Mun yi."

Ya ɗauki Abu ya ɗora a cinya, yana shafa tabon dantsenta da babban yatsa.

A hanyar Goronyo abin ya fara. Baraka na dawowa daga talla ita kaɗai, gero ya kai gwiwa dama da hagu, rana na tsakiyar ka. Ta ji taku a bayanta, gajere, mai sauri, na wanda ke ƙoƙarin kada a bar shi. Ta rage tafiya, takun ya rage. Sai muryar, a dushe, tana hutawa tsakanin kalma da kalma.

"Abu da Maccido."

Ba ta waiwaya ba. Ba ta gaya wa kowa ba, domin in za ta faɗa sai ta ambaci sunan wadda ta ji. Ta gwada bin sauran mata, amma ko cikin hirarsu takun na nan, a bayan na ƙarshe. Ta gwada sauya hanya ta bakin gulbi, aka bi ta can ma. Daga baya ta daina gwadawa. In ta ji an ƙidaya, takan tsaya cak da ƙwarya a ka, ta jira a ce "to". Wata rana akan ce. Wata rana kuma sai ta tsaya har wuyanta ya gaji, gumi na bin bayanta, ba a ce komai ba, ta ɗaga ƙafa ta ci gaba, ana biye da ita har bakin ruga.